Waƙar baka, gambara da wasan kwaikwayo a New York: wa ke riƙe da zauren?

A ranar 2 ga Mayun 2025, ɗaruruwan ƙungiyoyin fasaha a Amurka suka samu saƙon imel iri ɗaya daga NEA, hukumar tarayya mai tallafa wa ayyukan fasaha. An janye tallafin da aka yi wa wasu alkawari, an soke na wasu da aka riga aka amince da shi, bisa dalilin cewa hukumar ta sauya abubuwan da za ta fifita. Cikin waɗanda abin ya shafa akwai ƙananan gidajen wasa na birnin New York. Wannan ya faru ne alhali zauren mawaƙan baka mafi suna a birnin, Nuyorican Poets Cafe, yana rufe tun ƙarshen 2023 ana yi masa gyaran kimanin dala miliyan 24 da kuɗin hukumar birni, kuma ba a cika shekara ba da majalisar birnin ta sassauta dokar tsara unguwanni da ta daɗe tana hana rawa a yawancin wuraren shaƙatawa.

Mai bin labarin daga nesa dole kansa ya ɗaure. Hukuma ɗaya na zuba kuɗi, wata na janyewa. Birnin da ya yi gagarumin bikin cikar hip-hop shekara 50 a 2023 shi ne kuma wanda 'yan sandansa suka sa aka cire mawaƙa daga jerin masu wasa a wani babban biki. Abin da ke warware wannan ƙulli shi ne a gane cewa waɗannan fasahohi a ƙananan ɗakuna suke rayuwa, kuma haya da lasisi da haƙƙin mallaka da tallafi su ne ke yanke hukuncin ko ɗakin zai buɗe gobe.

## Abubuwa uku da ake haɗawa a baki ɗaya

Na farko shi ne abin da suke kira spoken word, wato waƙar da marubucinta ya tsara domin ya tsaya gaban jama'a ya furta da bakinsa, galibi da ka, ba kiɗa, ba rerawa. Ta bambanta da waƙar baka irin ta makaɗan Hausa domin ba ta da 'yan amshi ko kalangu, ta kuma bambanta da rubutacciyar waƙa domin ba dole ba ne ta bi kari ko amsa-amo. Abin da ke riƙe ta shi ne numfashi, da ɗaga murya da sauke ta, da shirun da mawaƙi ke bari tsakanin ɗango da ɗango. A nan za a kira ta waƙar baka a taƙaice.

Na biyu shi ne hip-hop, wanda ya fi gambarar zamani faɗi. Masu abin suna lissafa rukunai huɗu: DJ mai sarrafa faifai, MC mai zuba baitoci a kan kiɗa, masu rawar breaking, da masu zane a bango. Gambarar ita ce aikin MC kaɗai. Ita tana da awo tsayayye: kowane bar bugu huɗu ne, baiti guda kuma bisa al'ada bar 16. Idan kiɗan na tafiya bugu 90 a minti, baitin zai ƙare cikin daƙiƙa 43 ko kusa da haka, ko mawaƙi ya gama maganarsa ko bai gama ba.

Na uku shi ne wasan kwaikwayo na dandamali, mai labari da 'yan wasa da darakta da fitilu, wanda ake maimaita shi iri ɗaya kowane dare. Inda ukun suka haɗu ake samun abin da ake kira wasan kwaikwayon hip-hop: labarin da ake bayar da shi da baitoci, DJ na zaune a matsayin makaɗa, mutum ɗaya kuma kan iya fitowa a matsayin mutane goma ta hanyar sauya murya da karin harshe.

Shi kuwa batun cakuɗuwar al'adu, a New York ba ado ba ne da aka liƙa daga baya. Sama da kashi ɗaya cikin uku na mazauna birnin a wata ƙasa aka haife su, kuma ana magana da ɗaruruwan harsuna a cikinsa, har da Hausa a bakin 'yan Zango na Gana da 'yan Nijar da 'yan Najeriya mazauna Bronx da Harlem.

## Yadda aka zo nan

Ƙaura uku ne suka tara mutanen. Baƙaƙen fatar kudancin Amurka sun yi ta kwararowa arewa tun farkon ƙarni na 20. Mutanen Puerto Rico, waɗanda suka zama 'yan ƙasa tun 1917, sun cika birnin bayan yaƙin duniya na biyu. Sannan dokar shige da fice ta 1965 ta buɗe ƙofa ga 'yan Karebiyan da Asiya da Afirka. Talauci da wariyar gidaje suka cusa su a unguwanni ɗaya. A kudancin Bronx, babbar hanyar mota da aka ratsa ta tsakiyar unguwanni ta tarwatsa dubban iyalai, masu hali suka fice, masu gidajen haya suka yi watsi da gine-gine, gobara ta zama ruwan dare. A 1975 birnin ya kusa tsiyacewa, aka zabtare kuɗin makarantu har da na koyar da kiɗa.

A cikin wannan hali ne, ranar 11 ga Agustan 1973, Cindy Campbell ta shirya biki a ɗakin taro na gidan haya mai lamba 1520 a titin Sedgwick domin ta samu kuɗin kayan komawa makaranta. Kuɗin shiga senti 25 ga 'yan mata, 50 ga samari. Yayanta Clive, haifaffen Jamaika da aka fi sani da DJ Kool Herc, shi ya sa kiɗa. Ya lura masu rawa sun fi zabura a gurbin da sauran kayan kiɗa suka yi shiru aka bar ganguna, sai ya riƙa amfani da kwafi biyu na faifai ɗaya yana maimaita gurbin. Al'adar manyan lasifika daga Jamaika ta zo, kiɗan na baƙaƙen Amurka ne, kuma samarin Puerto Rico na cikin waɗanda suka raya rawar.

A shekarar dai, can ƙasan Manhattan, Miguel Algarín, malami a jami'ar Rutgers, ya fara tara mawaƙa 'yan asalin Puerto Rico a falonsa, irin su Miguel Piñero da Pedro Pietri. Suna rubutu da Turanci da Sifaniyanci a cakuɗe, yadda ake magana a titi, abin da masu adabin ɓangarorin biyu suke ƙyama a lokacin. Da falon ya yi kaɗan suka kama haya, daga baya suka mallaki gini mai lamba 236 a titin East 3rd. Gabanin su duka akwai ƙungiyar Last Poets da aka kafa a Harlem a 1968, masu furta waƙar siyasa a kan ganga, da gidan wasan da Amiri Baraka ya buɗe a can a 1965. Saboda haka tambayar wanne ya haifi wanne ba ta da amsa ɗaya. Tare suka tashi, jirgin ƙarƙashin ƙasa na haɗa su.

## Gasar slam da ƙa'idojinta

Slam ba nau'in waƙa ba ne, tsarin gasa ne. Wani ma'aikacin gini mai suna Marc Smith ya ƙirƙiro shi a Chicago a tsakiyar shekarun 1980, aka kawo shi zauren Nuyorican a 1989 ta hannun Bob Holman, ranar Juma'a da dare ta zama tasa.

Mai gabatarwa kan zaɓi alƙalai biyar daga cikin 'yan kallo, waɗanda ba su san ko ɗaya daga masu gasar ba. Kowane mawaƙi na da minti uku, da rangwamen daƙiƙa goma. Bayan nan ana cire rabin maki a kan kowace daƙiƙa goma da ya ƙara. Alƙalai na ba da maki daga 0 zuwa 10, a jefar da mafi yawa da mafi ƙaranci, a haɗa ukun tsakiya, don haka ƙololuwa ita ce 30. Waƙar dole ta zama tasa, ba kiɗa, ba kayan wasa, ba shiga ta musamman. Kafin a fara akan sa wani mawaƙi da ba ya cikin gasar ya yi waƙa domin alƙalai su gwada hannu.

Dalilin wannan gwaji shi ne wata matsala da kowane mai shirya gasa ya sani: maki na hawa yayin da dare ke nisa. Alƙalin da ya ba da 7 a farko, jama'a suka yi masa ihu, zuwa zagaye na biyu ba ya sauka ƙasa da 9. Wanda ƙuri'a ta sa ya fara fita ya cutu ke nan. Minti ukun ma ya sauya yadda ake rubutu. Kalmomi ɗari huɗu ko kusa da haka ne ke shiga, shi ya sa waƙoƙin gasa da yawa ke farawa a hankali, su hau, su ƙare da ƙarfi a daidai minti biyu da daƙiƙa hamsin.

## Matakala daga ƙaramin zaure zuwa Broadway

A New York yawan kujeru ne ke raba darajar gidajen wasa. Ƙasa da 100 shi ne Off-Off-Broadway, 100 zuwa 499 Off-Broadway, 500 zuwa sama a gidaje 41 da aka amince da su shi ne Broadway. Kowane mataki na da yarjejeniyarsa da ƙungiyar 'yan wasa, wato albashi da inshora na ƙaruwa da yawan kujeru.

An daɗe ana hawa wannan matakala. Wasan da Piñero ya fara rubutawa a kurkukun Sing Sing ya kai babban dandamali a 1974. Na Ntozake Shange, wanda waƙoƙi ne da rawa a bakin mata bakwai, ya shiga Broadway a 1976. Gidan Public Theater na Joseph Papp ne ya zama gada ga duka biyun. A 2000 Danny Hoch da Clyde Valentín da Kamilah Forbes suka kafa bikin wasan kwaikwayon hip-hop, wanda daga baya ya zama cibiyar Hi-ARTS. Shirin talabijin na Def Poetry ya gudana daga 2002 zuwa 2007, kuma na dandamalinsa ya ci kyautar Tony a 2003 da mawaƙa tara, cikinsu akwai Suheir Hammad 'yar asalin Falasɗinu, Staceyann Chin daga Jamaika, Beau Sia mai tushen Asiya da Mayda del Valle 'yar asalin Puerto Rico. Sai wasan Hamilton na Lin-Manuel Miranda, da ya fara a Public Theater a farkon 2015, ya koma Broadway a watan Agusta, ya kwashe Tony 11.

Amma sunan hip-hop kaɗai ba ya sayar da tikiti. Wasan da aka gina a kan waƙoƙin Tupac Shakur a 2014 bai kai wata biyu a Broadway ba aka rufe shi.

## Abin da ke lalacewa a kan dandamali

Matsala ta farko ita ce jin magana. A gidan rawa, masu sauraro sun haddace waƙar tun daga gida, ko ba su ji kalmomin ba za su bi. A wasan kwaikwayo kuwa sau ɗaya ake jin baiti, kuma labarin na cikinsa. Mai gambara na iya zuba gaɓa biyar ko shida a daƙiƙa. Baƙaƙen da ke bambanta kalma da kalma suna zaune ne a siririn amo, wajen hertz 2,000 zuwa 4,000, shi kuma kiɗan hip-hop ƙarfinsa na can ƙasa da hertz 100. Idan injiniya ya saki wannan amo mai kauri yadda DJ ke so, ya binne maganar. Abin da ake yi shi ne a rage kiɗa a daidai zangon da murya ke zaune, a kuma sauke shi kaɗan duk lokacin da aka shiga baitin da ke ɗauke da labari.

Ɗakin kansa na da hannu. Sauti na tafiyar mita 343 a daƙiƙa. A zauren coci ko ɗakin motsa jiki na makaranta, inda ƙananan ƙungiyoyi suka fi samun aro, amo kan yi daƙiƙa biyu ko fiye yana yawo kafin ya mutu, sai gaɓa ta hau kan gaɓa. Magana na buƙatar ɗakin da amonsa ke mutuwa cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Labule masu kauri a bangon baya da cikar jama'a na taimakawa, shi ya sa gwajin sauti a ɗaki fanko yakan yaudari mutum.

Sai riƙon makirufo. Masu gambara sun saba dunƙule kansa da tafin hannu. Hakan na toshe ramukan bayan da ke sa ya ɗauki sautin gaba kaɗai, sai ya koma ɗaukar komai har da lasifikar da ke gaban mawaƙin, nan take ƙara mai tsinin nan ta tashi. Gidajen wasa sun fi son ƙaramin makirufon da ake liƙawa a goshi ko kumatu domin hannu ya samu sakewa, amma mawaƙin da ya saba matso da makirufo da janye shi domin sarrafa murya yakan ji kamar an ƙwace masa rabin sana'arsa. Wasanni da dama kan haɗa biyun.

Lokaci ma fagen rikici ne. Mai kula da dandamali na kiran sauyin fitila a kan kalma takamaimai, wani lokaci ɗaruruwan sauyi a wasa guda. Mawaƙin baka ya saba ya tsaya idan jama'a suka ɗauki shewa, mai gambara ya saba ya ƙirƙiri baiti nan take. Idan kiɗan ɗauka ne da kwamfuta ke sakewa, ba ya jiran kowa: wanda ya yi tuntuɓe a bar na uku zai bi kiɗan da gudu har ƙarshen baiti. DJ mai rai na iya maimaita bar ɗaya har ɗan wasa ya dawo hanya, sai dai albashinsa ƙari ne a kasafi. Mafita da aka saba ita ce a ware gurbi sananne, misali bar 16, inda aka yarda a yi ƙirƙirar nan take, fitila ta tsaya cak har a fito.

Masu rawa kuma ƙasa ce damuwarsu. Shimfiɗar roba da ake yi wa masu rawar bale tana riƙe jiki, ba a iya juyi a kan kai ko baya a kanta. Siminti na cin gwiwa da wuyan hannu. Abin da suke nema shi ne katako mai ɗan lanƙwasa da leda mai santsi a sama.

Idan wasa na da harshe biyu ko uku, akan haska fassara a allo. Yana aiki ga magana a hankali, amma ido ba ya karanta layi biyu cikin daƙiƙa biyu yana kuma kallon ɗan wasa. Wasu ƙungiyoyin, kamar masu bin tafarkin Nuyorican, sun zaɓi kada su fassara komai, su bar wanda bai ji Sifaniyanci ba ya fahimta daga yanayi.

## Lasisi, izini da 'yan sanda

Daga 1926 zuwa 2017 birnin na da dokar da ta hana rawa a duk wurin sayar da abinci ko abin sha sai da lasisi na musamman. Lokacin da aka soke ta, wurare kimanin 100 ne kacal cikin sama da 20,000 ke da lasisin. Masu sukar dokar sun ce tun asali gidajen jazz na Harlem aka nufa da ita, kuma an tsananta aiki da ita a zamanin magajin gari Rudolph Giuliani a shekarun 1990. Masu kare ta sun ce batun tsaro ne da gobara da hayaniya. Abin da ya rikita mutane shi ne soke ta bai halatta rawa ko'ina ba, domin dokar tsara unguwanni ta ci gaba da hanawa a yawancin titunan kasuwanci har sai da aka gyara ta a watan Yunin 2024.

Sauran takardun na nan. Ɗakin da zai ɗauki mutum 75 ko fiye na buƙatar shaidar wurin taro, wadda ke duba ƙofofin fita da fitilun gaggawa. Sayar da barasa, wanda shi ne ke biyan hayar yawancin ƙananan zauruka, lasisinsa na hannun jiha, kuma kwamitin unguwa na ba da shawara a kai. Taron da ya haura mutum 20 a lambun gwamnati sai da izinin hukumar lambuna, a nema aƙalla kwana 21 kafin ranar. Lasifika a waje kuma izininta daban ne, daga ofishin 'yan sandan yankin, dala 45. Masu shirya taro sababbin hannu sun fi faɗawa a nan: su samu na lambu su manta da na lasifika.

Ɓangaren da ya fi zafi shi ne na gambarar drill, wadda baitocinta suka fi karkata ga rikicin gungun samarin unguwanni. A 2019 'yan sandan birnin suka rubuta wa masu bikin Rolling Loud suka nemi a cire mawaƙa biyar, ciki har da Pop Smoke, aka kuwa cire su. A Fabrairun 2022 magajin gari Eric Adams ya yi kira ga kafafen sada zumunta su sauke bidiyoyin drill masu nuna bindiga, daga baya ya gana da wasu mawaƙan. Hujjar hukuma ita ce wasu waƙoƙin na ambaton mamatan abokan gaba da suna, kuma ramuwa na biyo baya. Hujjar ɗaya ɓangaren ita ce hana mutum wasa ba tare da an tuhume shi da laifi ba hukunci ne kafin shari'a, kuma yana toshe hanyar halal ɗaya da yaron ke da ita.

Haka gardamar take a kotu, inda masu gabatar da ƙara ke karanta baitoci a matsayin shaida. Gwaje-gwajen masana halayyar ɗan Adam sun nuna mutane kan ɗauki baiti ɗaya a matsayin barazana idan aka ce musu gambara ce fiye da idan aka ce waƙar country ce, wato ta karkarar Amurka. Kotun ƙolin New Jersey ta rushe wani hukunci a 2014 saboda irin wannan shaida, California ta yi dokar taƙaita ta a 2022, majalisar dattawan jihar New York ma ta amince da irin wannan ƙuduri a shekarar amma bai wuce majalisar wakilai ba a zaman. Babu ɗayansu da ya haramta amfani da baiti gaba ɗaya. Abin da ake nema shi ne mai ƙara ya nuna baitin na magana ne a zahiri kan laifin da ake shari'a.

## Haƙƙin mallaka

Tun hukuncin wata kotun tarayya a New York a 1991 kan Biz Markie, yanko guntun waƙar wani ba izini ya zama abin da ke kai mutum kotu. Kowane guntu na da masu shi biyu: mai tsara waƙar da mai ɗaukar faifan. Kuɗin shekara da zaure ke biyan ƙungiyoyin karɓar kuɗin haƙƙin mawaƙa irin ASCAP da BMI ya wadatar idan DJ na sa faifai a daren nishaɗi. Da zarar waƙar ta zama ɓangaren labari a wasan kwaikwayo, wannan lasisi bai rufe ta ba, sai an nemi mai ita kai tsaye, kuma yana da ikon ya ƙi. Ƙananan ƙungiyoyi da yawa kan gano haka ne lokacin da babban gida ya gayyace su, ko za a ɗauki wasan a bidiyo. Shi ya sa masu gogewa ke ɗaukar mai haɗa kiɗa tun farko ya yi musu sabo, a rubuta rabon kowa a takarda. Ko 'yan wasan farko na Hamilton sai a 2016, bayan doguwar tattaunawa, suka samu kaso daga ribar wasan da aka gina tare da su.

## Inda ra'ayi ya rabu

Wasu masana adabi na ganin gasa ta lalata waƙa. Harold Bloom ya taɓa kwatanta slam da mutuwar fasaha. Ko a cikin gida akwai masu ƙorafin cewa maki na bin raɗaɗi: matashin da ya fallasa ciwon gidansu ya fi mai gwanintar harshe samun 10, har wasu malamai na hana ɗalibansu rubuta abin da ba su shirya ɗaukar nauyinsa ba. Masu goyon baya na amsawa da cewa gasar ce ta cika ɗaki da mutanen da ba su taɓa sayen littafin waƙa ba, kuma ƙungiyoyi irin Urban Word NYC, da aka kafa a 1999, sun mai da ita hanyar koyar da rubutu ga 'yan sakandare.

Kan manyan wasanni ma haka. Masu yabon Hamilton na nuna yadda ya ba baƙaƙe da 'yan asalin Latin Amurka manyan matsayi, da shirin da ya kai ɗaliban makarantun gwamnati 20,000 kallo a kan dala 10. Masu suka na cewa labarin fararen da suka kafa ƙasa ne aka sa wa baƙar fuska, bayin da suka rayu a zamanin ba su da murya a ciki. Marubuci Ishmael Reed ya rubuta wasa sukutum na martani, kuma a zauren Nuyorican aka nuna shi a 2019. Lokacin nan tikitin alfarma na Hamilton ya kai dala 849. Dukkan ɓangarorin na da abin kamawa, sai dai ba tambaya ɗaya suke amsawa ba: ɗaya na maganar wa ke kan dandamali, ɗayan na maganar labarin wa ake bayarwa da wa ke iya biyan kujera.

## Abin da zai taɓa talaka

Kasafin NEA na 2025 dala miliyan 207 ne ga ƙasar baki ɗaya, abin da bai kai kaso ɗaya cikin takwas na cinikin tikitin Broadway a kakar 2024 zuwa 2025 ba. Tallafinta kan kama daga dala 10,000 zuwa 100,000, da sharaɗin ƙungiya ta samo kwatankwacinsa daga wani wuri. Muhimmancinsa ya wuce adadin, domin gidauniyoyi masu zaman kansu na ɗaukar sa a matsayin shaidar inganci. Idan ya faɗi, wanda aka jingina da shi ma na iya faɗuwa. Tun a Fabrairun 2025 aka soke shirin Challenge America, mai ba ƙananan ƙungiyoyin unguwannin marasa galihu dala 10,000. Gwamnatin tarayya ta ce kuɗin haraji bai kamata ya bi launi ko jinsi ba, ta karkata ga abubuwa irin bikin cikar ƙasar shekara 250. Ƙungiyoyin sun ce aikinsu gaba ɗaya na al'ummar da suke ciki ne, ba su da yadda za su bayyana shi ba tare da kalmomin da yanzu ake gudu ba.

Babban gida mai masu ba da gudummawa zai jure. Zauren kujera 80 ba shi da inda zai rage sai wurare uku: ajin kyauta na yara bayan makaranta, kuɗin mawaƙan da ake gayyata, da farashin ƙofa. Yawancin mawaƙan baka a birnin ba da wasa suke ci ba, da koyarwa ne a makarantu da ɗakunan karatu da gidajen gyaran hali, ana biyan su a kan kowane zama. Soke tallafi ɗaya na nufin malami ya rasa zangon karatu guda, aji kuma ya rasa malami.

Sassaucin 2024 na iya buɗe sababbin wurare a Bronx da Queens da Brooklyn, inda mai gidan abinci yanzu zai iya kawar da tebura ya kira DJ ba tare da fargabar tara ba. Sai dai bai rage haya ko kuɗin inshora ba, kuma ƙorafin maƙwabta kan hayaniya ta layin wayar hukumar birni na 311 na nan yana aiki. Wuraren da suka tsira daga tsadar unguwanni da kullen korona, wanda ya rufe gidajen wasa daga 12 ga Maris 2020 har fiye da shekara, galibi su ne masu mallakar gininsu, irin su gidajen wasan La MaMa da Pregones da zauren Nuyorican. Shi Nuyorican, yayin da ake gyaran, ya riƙa gudanar da gasarsa da darensa na makirufo a buɗe, inda kowa ke iya fitowa ya yi waƙa, a zaurukan aro da kuma ta intanet.